Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekarar da mushe, wato malamin makaranta, ya zo da kamara, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Mun yi shuka ta bushe, muka sake, ta kai gwiwa ta ƙone a tsaye. Kafin lokacin kaka maza sun fara ɗaure kaya. Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Droum. Idan maza suka tafi, kukan akuya ɗaya yana ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Ni ban tafi ko'ina ba. Na riga na yi tawa tafiyar a babbar yunwa, ina da ƙuruciya, na ga abin da ke kan hanya. Maigidana ya daɗe da rasuwa. 'Yata tana aure a ƙasar Kano. Ɗana ya tafi Agadas, daga can aka ce ya wuce gaba, saƙonsa ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ni kaɗai ce a gidan, sai akuya, sai tukwanen anza, 'ya'yan itacen daji, da nake jiƙawa ina zubar da ruwan har ɗacin ya fita a iya ci.

Mushe ɗan garinmu ne, na san uwarsa. Ya koyar a lakwal, makarantar boko, a Damagaram har ya yi furfura ya ajiye aiki. Shi da waɗansu 'yan garin da ke zaune a birni suka kafa ƙungiyar 'yan asali. Abin da ya dame su, yunwar farko ta watsa mu, 'ya'yan waɗanda suka tafi ba su san gidan da suka fito ba. Ga wata yunwar ta zo, kuma tsofaffin da suka san wane ya haifi wane ba lalle su ga damina ba. Ƙanensa da ke waje ya aiko masa da kamarar bidiyo, irin wadda ake ɗaukar biki da ita. Sai suka yanke cewa kowane gida a zaunar da babbansa ya faɗi asalin gidan da bakinsa, tun daga kakan da ya sari daji har jaririn da ke goye. Kaset ɗin a ajiye a birni, a kwafa a aika wa na nesa.

Ranar kasuwa yake zuwa. Mota ta sauke shi, ya hau amalanke ya ƙaraso. Ya ɗauki gidaje kaɗan, batir ya mutu, ya koma birni ya cika shi. Tsofaffin maza sun ji daɗin abin. Ciki babu komai, amma kowa ya fid da babbar riga daga ƙasan akwati. Gida biyu suka yi ta rigima a kan kakan wa ya haƙa rijiyar farko, har mushe ya ce a bar kowa ya faɗi nasa, kaset ba ya yanke shari'a.

Da aka zo kan gidanmu babu namiji. Daga ni sai ƙanwar maigidana, wadda ta dawo gari bayan mijinta ya rasu, tana zaune a bayan dangata da jikokinta. Idonta ya tafi, bakinta yana nan.

“Matarmu,” ta ce da safen, “ki ɗaura zane mai kyau. Yau za a sa ki a akwati a kai ki Kano.”

“Ke da ba ki gani, ina ruwanki da zanena?”

“Ina jin warin anza a jikinsa tun daga ɗakina.”

Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya. Mushe ya ɗora abin a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya. Ita ta fara. Ta jero kakanninsu ba ta yi tuntuɓe ba, da wanda kura ta ciji, da wanda ya je Makka a ƙafa bai dawo ba. Ta zo kan wanta, maigidana, ta faɗi sunansa, ta juyo wajena tana dariya.

“Na ɗauke miki wannan. Ki biya ni da goro.”

Mushe ya juyo da gilashin kamarar wajena. “Inna, saura 'ya'yansa.”

Na faɗi sunan 'yata, na faɗi na ɗana, na jero jikokin da na sani.

“To, macen ce babba ke nan,” ya ce.

“A'a,” in ji ƙanwar maigidana. “Akwai wani gabanta. Namiji. Bai tsaya ba.”

“Allah ya jiƙansa. Sunansa fa?”

“Ni ban taɓa ji ba, ina can wajen Daura lokacin. Tambayi uwarsa. Ko da yake wannan, ko wuƙa ka sa mata ba za ta faɗa ba.”

Gaskiya ta faɗa. Mace irin ta zamaninmu ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗan da ta fara haifa. Uban ma ba ya kira. Haka na taras, haka na yi.

Mushe ya sauke kamarar a cinyarsa. Ya ce in raɗa wa ƙanwar maigidana a kunne, ita ta faɗa. Na ce raɗa ma faɗa ce. Ya ce to in nuna masa mai irin sunan a gari, a kira shi ya faɗi nasa. Na ce babu mai irinsa a garin nan. Ya ce ya tambayi liman a kan wata tsohuwa kafin ni, liman ya ce ba haramun ba ne.

“Na sani,” na ce. “Uwata ce ta koya mini, kuma ba ta nan balle in nemi izininta. Ka wuce gida na gaba.”

Ya goge gilashin da bakin rigarsa.

“Inna, kasuwa mai zuwa zan dawo, daga nan na gama da garin nan. Zan bar masa wuri a ƙarshen kaset. In kin ga dama.”

Na tashi. Na naɗe tabarmata.

Haihuwar farko a gidan iyaye ake yi. Da cikina ya tsufa aka mai da ni ƙauyen ubana, 'yan gidaje a bayan tudu, can wajen Dogo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Ranar suna babu rago. Ubana ya yanka wani ɗan akuya da ƙashi ya fi nama yawa. Maigidana ya zo hannu wofi, kunya ta hana shi zaɓen suna, ya ce surukinsa ya zaɓa. Ubana jinin Barebari ne, ya sa wa yaron sunan kakansa, tsohon suna na can wajensu. Ban sake haɗuwa da mai irinsa ba. Waɗanda suka ji shi a ranar ba su cika tabarma biyu ba.

Ubana ne mai kiran sunan da ƙarfi. Yakan ɗora yaron a gwiwa, ya ja sunan ya ja, yaron ya buɗe baki ba haƙori yana dariya. Uwata ita ke goya shi. Ni nono kawai nake bayarwa, fuskata a gefe, yadda aka koya mini. In zan yi zancensa sai in ce yaron nan. Idan babu kowa a ɗaki nakan kama tafin ƙafarsa in duba.

Maigidana ya tafi neman aiki, ni na zauna, don gidansu ma babu abin da za a ba ni. Mun ci dusa. Mun ci anza tun ba ta gama jiƙa ba. Mun tona gidan tururuwa mun kwashe abin da suka tara, mun sussuka ƙarangiya har hannuwanmu suka kumbura. Ubana ya fara rasuwa. Uwata ta bi shi kafin zafi ya wuce. Maƙwabta suka ɗaure ƙofofinsu da igiya, wasu suka yi kudu, wasu suka yi inda ƙafa ta kai su.

Maigidana ya dawo ba shi da komai sai labari. Ya ce garinsu ya watse, amma ana rabon jar dawa a Damagaram. Muka kama hanya a ƙafa, cikin mutanen da ba mu sani ba. Ranar ce na fara goya yaron a gaban jama'a, don babu mai goya mini. Nonona ya riga ya ƙafe. Ina jiƙa bakin zane in sa masa ya tsotsa. Da farko yana kuka. Daga baya ya daina.

Mun hango duwatsun birni, rana tana tsaka, na ji goyon ya sake nauyi. Mai goyo ta san wannan. Na ci gaba da tafiya har muka kai inuwar wani gawo. Na kwance shi na miƙa wa ubansa.

Mazan da ke tafiya tare da mu suka tsaya. Wani dattijo ya tambayi sunansa. Maigidana ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Dattijon ya gane, bai sake tambaya ba. Suka yi masa salla, suka haƙa da sanda da hannu, aka naɗe shi a mayafina. Ban yi kuka ba. Ba a yi wa na farko kuka a gaban mutane. Muka tashi muka ci gaba, don an ce wanda ya makara ba ya samun layi.

Mun zauna a birni, ina daka a gidajen mutane, shi yana dako, har ruwa ya dawo muka koma garinsu. Na haifi 'yata. Ina kiran sunanta a tsakar gida da ƙarfi, amaren da aka kawo daga baya suna ƙus-ƙus wai ba ni da kunya, ina kiran 'yar fari kamar 'yar maƙwabta. Na bar su. Manyan da suka san na taɓa haihuwa ba su san sunan ba, kuma ba wanda zai tambaye ni.

Ni da maigidana ba mu taɓa zama mun yi zancensa ba. Wani lokaci idan muka ga saurayi yana huɗa a gonar wani, sai ya ce, “Da yanzu ya kai wannan.” In ce, “Ya kai.” Iyakar zancenmu ke nan har ya rasu. Na taɓa zuwa neman gawon, wata shekara da na je birni ganin likita. An faɗaɗa hanya, masu itace sun gama da bishiyoyin wurin. Ƙauyen ubana kuwa ya zama kufai, ana noma a kansa.

Sunan yana wuri ɗaya, a cikin kaina. Kowace safiya idan ina hura wuta nakan taɓa shi a zuci, yadda mutum ke taɓa ƙullin bakin zanensa ya ji ko yana nan. Ban taɓa ɗora shi a harshe ba.

A cikin makon da mushe ya tafi, wata safiya na tashi da jiri. Anza ba ta riƙe ciki. Na durƙusa gaban murhu, na nemi sunan, babu. Farkonsa ya zo, sauran ya ƙi. Na hura wuta, na ɗora ruwa, bai zo ba. Na ɗauki tulu na je rijiya, na tsaya cikin mata ana ta surutu ban ji abin da ake cewa ba. Na dawo. Ina kwance igiyar akuya ya faɗo mini gaba ɗaya. Na zauna a ƙasa, igiyar tana hannuna.

Sunayen 'yan'uwan uwata haka suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, ban lura ba sai da na nema. Waɗannan akwai wanda zai iya tuna su a wani wuri. Wannan babu. Ba shi da kabari, ba shi da ɗa, ba shi da wanda ya yi wasan ƙasa da shi. Idan ya fita daga kaina, daidai yake da ban haife shi ba.

Ranar kasuwa na ɗaura zanen da na ajiye don salla. Da mushe ya gama da gidan maƙera, na aika a ce ina kira. Ya shigo da sallama, ƙanwar maigidana tana biye da sandarta, mata biyu suna leƙe ta danga.

“Kowa ya fita,” na ce.

“Har ni, matarmu?”

“Ke ce ta farko.”

Ta fita tana cewa ta ga ranar da za a kore ta daga gidan ubanta. Na dubi mushe.

“Kai ma. Abin nan yana aiki in ba ka riƙe da shi?”

Ya ce yana yi. Ya kifa turmina, ya naɗe hularsa ya ɗora kamarar a kai, ya gyara ta har ta dube ni. Ya danna wani wuri, ɗan jan haske ya kama. Ya ce muddin hasken nan yana ci, yana ji. Ya fita har bakin hanya, na ji yana korar matan.

Na zauna ni da gilashin. Ba shi da fuska, wannan ya taimaka. Na ce ni ce matar wane, ban faɗi sunan ba, an riga an faɗa. Na ce kafin 'yata akwai yaro. Na faɗi inda aka haife shi da wanda ya sa masa suna. Na ce ya fara zama, bai kai ga rarrafe ba. Na ce yana da tabo a tafin ƙafar hagu. Na faɗi inda aka binne shi, na ce kada kowa ya wahala, gawon ba ya nan.

Sai na tsaya. Akuya tana cin bawon anza a gefena. Jan hasken yana ci. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na haɗiye yawu na sake.

Na yi niyyar in faɗe shi a hankali, yadda na faɗi na sauran. Bai fito haka ba. Hanya ɗaya na taɓa jin sunan nan, a bakin ubana, don haka yadda ubana ke yi ya fito, da ƙarfi, a ja, kamar ana kiran yaro ya shigo gida. Na ji shi ya bugi bangon ɗaki.

Na zauna har mushe ya yi sallama ya shigo ya kashe. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Yana sa kamarar a jaka ya ce, “Inna, idan na zo nuna wa gari, in tsallake wurin nan? Sai a bar shi a na birni kawai.”

“In za a ɓoye, don me na faɗa?”

Ya dawo bayan wani lokaci da tele, wato talabijin, da injin wuta a kan amalanke. Kafin nan mun binne biyu daga cikin tsofaffin da ya ɗauka, har da ɗaya mai rigimar rijiya. Aka kafa telen a zauren mai gari bayan la'asar, aka rataya tabarmi a ƙofa don a samu duhu. Duk wanda ya rage a gari ya tafi. An ƙure murya saboda masu nauyin kunne.

Ni ban je ba. Na zauna ina sauya wa anza ruwa. Gidana ba shi da nisa da zauren, ina jin komai. Na ji ihu da aka ga mai gari yana gyara rawani bai san an fara ɗauka ba. Na ji muryar mamacin nan yana rantsuwa kakansa ne ya haƙa rijiya, dariya ta tashi ta koma kuka. Na ji ƙanwar maigidana tana neman goronta, aka yi ta shewa.

Can sai na ji wata tsohuwa tana magana a hankali, muryarta a bushe. Na ɗan jima kafin na gane ni ce. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar inji. Na ji shirun da na yi a gaban gilashin, ya fi yadda na zata tsawo. Sannan kiran ya fito, ya tsallake dangogi, ya shigo tsakar gidana. Akuya ta ɗaga kai. Ni ma na duba ƙofa. Ban san me ya sa na duba ba.

Hannuna yana cikin tukunya har ruwan ya daina motsi.

Da aka kashe inji na ji mutane suna wucewa ta bayan danga, ba mai ɗaga murya. Ba wanda ya shigo. Ban zarge su ba, ni ma da ban san abin da zan ce wa mace irina ba. Rana ta kusa faɗuwa na ji sanda tana dukan ƙasa. Ƙanwar maigidana ta shigo ba sallama, ta lalubi turmi ta zauna a kai.

“Kin tsorata jikokina,” ta ce. “Ƙaramar ta tambaye ni wa ake kira, me ya sa bai amsa ba.”

“Me kika ce mata?”

“Na ce kawunta ne.”

Ta juya sandar. Sai ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Tun rasuwar ubana ban ji shi a bakin wani ba.

“Haka ne?” ta ce.

“Haka ne.”

Ta sake faɗa.

“Ya isa,” na ce.

“Ke kika ce ya isa. Ni a wajena ɗan wana ne, ba kunya tsakaninmu. Zan kira shi safe da yamma in na so.” Ta miƙo hannu wajen da take jin motsin ruwa. “Ba ni anzar nan in ji ko ta yi.”

Na ɗebo mata. Ta tauna, ta tofar, ta ce saura kwana.

Ban taɓa ganin kaset ɗin ba. An ce yana birni, an ce an kai kwafi Kano. Sunan ban sake ɗora shi a harshe ba, kuma ba zan sa shi a nan ba. Da safe ina hura wuta ina nemansa kamar da. Wata rana yana zuwa da wuri, wata rana sai na jira. Ranar da ya ƙi, nakan buga danga in ce wa ƙanwar maigidana, “Ke, yaron nan fa?” Sai ta faɗa mini daga can, da ƙarfi, in ci gaba da hura wutata.